Darasi na Bakwai: Rigakafi da Katin Inshorar Lafiya

A wannan darasi za mu duba ayyukan da ake yi wa mutum a asibiti alhali bai kwanta ciwo ba, sannan mu bi sawun kuɗin da ake biyansu da shi. Wanda ya gama darasin, in ya tsaya gaban tagar biyan kuɗi a asibiti, ya kamata ya san abin da gwamnati ta riga ta biya, da abin da katinsa na inshora ya ɗauke masa, da abin da ya rage a wuyansa. Rashin sanin wannan ne ke sa wani ya biya abin da aka ce kyauta ne, wani kuma ya jefa kati ƙasan akwati yana jiran ranar da ciwo zai kayar da shi.

Ciwon da ba ya sallama

Yawancinmu ba mu san hanyar asibiti ba sai an kwashe mu ranga-ranga. Zazzaɓi, a leƙa kyamis. Ciwon kai, a haɗiyi farasitamol a koma bakin sana'a. Ka ce wa magidanci ya je a auna jininsa, amsar da za ka ji ita ce, "Ni lafiyata ƙalau." Kuma bai yi ƙarya ba, abin da yake ji a jikinsa ya faɗa. Sai dai akwai cututtukan da ba a jin shigarsu.

Hawan jini ne babbansu. Mutum kan yi shekaru da shi yana noma, yana tuƙi, yana zuwa kasuwa, ba ciwon kai ba jiri, alhali jijiyoyinsa suna ta gajiya, zuciya tana aikin da ya fi ƙarfinta, ƙoda tana lalacewa sannu a hankali. Ranar da zai bayyana, ta shanyewar ɓarin jiki yake bayyana, ko kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi, ko kuma likita ya ce sai an fara wankin ƙoda. Awon da zai tona asirinsa kuwa bai kai minti biyar ba. Za a ɗaura maka na'ura a dantse ta ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Idan an auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko fiye, to akwai hawan jini. Daga nan sai magani na kullum, da rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a cikin lissafin har da gishirin da ke cikin dunƙulen da ake jefa wa miya.

Ciwon suga ma haka yake shigowa a ɓoye. Ana gane shi da ɗigon jini daga ɗan yatsa, da safe kafin a ci komai. Idan na'ura ta nuna 126 ko fiye, ko 7 a ɗaya ma'aunin, za a sake gwadawa don a tabbatar. Wanda aka gano nasa da wuri yana iya tsira da idonsa da ƙafarsa. Wanda bai sani ba sai ɗan ƙaramin gyambo ya ƙi warkewa.

Irin wannan awon, da allurar da ake yi wa mai lafiya don kada cuta ta kama shi, da awon ciki, da shawarar da malaman asibiti ke bayarwa kan abinci da tsabta da tazarar haihuwa, su ne ake kira ayyukan rigakafi. A bakin mutane rigakafi allurar yara ce kawai, amma ya fi haka faɗi, kuma ya shafi tsoho da matashi.

Yara da masu ciki

Jadawalin allurar yara a Nijeriya abu ne da ya kamata uba ya haddace kamar yadda uwa ta haddace. Ranar haihuwa ana ba jariri uku: ta tarin fuka, da ɗigon shan-inna, da ta ciwon hanta. Ita ta ciwon hanta ta fi amfani idan aka yi ta cikin awa 24 na farko, domin tana tare cutar da kan bi jini daga uwa zuwa ɗa. A nan al'adarmu take cin karo da ita. Mace ta haihu a gida, an shiga hidimar jego, ba mai zancen fita da jariri sai bayan suna, wani wurin ma sai an yi arba'in. Kafin nan lokacin da allurar ta fi aiki ya wuce. Babu laifi kaka ko gwaggo ta goya jaririn ta kai shi cibiyar lafiya, maijego tana gida tana hutawa.

Sai a koma a mako na 6, da na 10, da na 14. A waɗannan zuwa ake yin allurar nan mai haɗe da kariya biyar, wadda ke tare mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙe-haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai haddasa ciwon huhu da sanƙarau. Ana haɗawa da ta shan-inna, da ta ciwon huhu, da ɗigon da ke tare muguwar gudawar jarirai, wanda aka shigar cikin jadawalin ƙasa a 2022. A wata na 9 akwai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a wata na 15 kuma a maimaita ta ƙyanda.

Mun ga amfanin dagewa, mun kuma ga abin da sakaci ke jawowa. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna mai yawo a gari, bayan an ga mai cutar na ƙarshe a Jihar Borno a 2016. Amma daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi jin jiki, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba a yi musu allurar ba, ko an fara ba a ƙarasa ba. Allurar tana nan a cibiyoyin lafiya tun kafin ɓarkewar, kuma ba a sayar da ita.

An ƙaro sababbi a 'yan shekarun nan. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar da ke tare ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, sau ɗaya tak. A Disambar 2024 aka soma allurar zazzaɓin cizon sauro ga ƙananan yara, aka fara da jihohin Kebbi da Bayelsa. A jihohin Arewa kuma kowace damina ma'aikata na bi gida-gida suna ba yara masu wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi, sau ɗaya a wata. Kwana uku ake shan sa: su ba da na ranar farko, uwa ta ba da na kwana biyun da suka rage. Idan aka bar na kwana biyun a kan taga, an rage wa maganin ƙarfi.

Awon ciki shi ne rigakafin da ya fi ceton rai biyu a lokaci guda. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, zuwan farko cikin wata uku na farko. A wurin awo ake duba jini da fitsari, domin hawan jini a lokacin ciki shi ke kaiwa ga jijjiga. A nan ake ba da maganin ƙarin jini, da allurar sarƙe-haƙora, da maganin rigakafin zazzaɓi wanda ake fara sha daga wata na huɗu, a riƙa maimaitawa wata-wata, aƙalla sau uku. Kunyar cikin fari kan sa yarinya ta ɓoye har sai ya fito fili. Wata kuma tana son zuwa amma maigida bai ba da izini ko kuɗin mota ba. Maza da ke cikin wannan aji, wannan magana taku ce kai tsaye.

Yadda inshora take aiki

A ce mutum 100 a unguwa ɗaya sun yarda kowa ya riƙa zuba naira 1,000 a wata cikin asusu guda. A wata za a tara naira 100,000, a shekara naira 1,200,000. Ba dukansu ne za su yi ciwo a shekarar ba. Wasu ƙalilan za su kwanta, wata za a yi mata tiyatar haihuwa, da yawa zazzaɓi ne kawai zai taɓa su. Kuɗin da ba mai iya fitar da shi shi kaɗai a dare ɗaya, taron ya fitar da shi ba tare da an sayar da akuya ko an jinginar da gona ba.

Ya yi kama da adashi, amma akwai bambanci babba. A adashi kowa yana da ranar kwasarsa. A inshora kana iya zubi shekara guda ba ka ɗauki komai ba, kuma kuɗin ba zai dawo maka ba, domin ya tafi wajen jinyar wani. Wannan ne ke sa mutane su ce, "Na biya ban ci moriya ba," su ƙi sabuntawa. Amsar da wannan darasi yake bayarwa ita ce, mai lafiya ma yana da rabonsa a asusun, rabon nasa kuwa shi ne rigakafi. Shi kansa asusun ya fi son haka. Ƙwayar hawan jini ta shekara guda ba ta kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda na 'yan makonni ba.

A Nijeriya dokar 1999 ce ta kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, amma bai fara aiki ba sai 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin gajiyarsa. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka da ta maye gurbinsa da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya kan kowane ɗan ƙasa da duk mai zaune a ƙasar bisa ƙa'ida. Doka ta wajabta, amma har yau mafi yawan jama'a ba su shiga ba, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fita.

Jihohi ma suna da nasu. Kano ta yi dokarta a 2016 ta kafa KSCHMA, Kaduna ta kafa KADCHMA da dokar 2018, Jigawa tana da JICHMA, sauran jihohi kowace da tata. A Arewa an fi kiransu hukumomin taimakekeniyar lafiya, domin mutane da dama suna da shakku kan inshorar kasuwanci ta fuskar addini, sai aka gina tsarin a kan gudummawa da taimakon juna. Waɗannan hukumomi suna karɓar ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, suna kuma da ƙofa ga ɗan kasuwa da manomi da mai sana'ar hannu, wanda zai biya da kansa a shekara. Ita ma NHIA tana da shirin GIFSHIP na ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, da TISHIP na ɗaliban manyan makarantu.

Abu ɗaya da ya kamata magidanci ya lura da shi: a tsarin ma'aikata na tarayya, katin yana ɗaukar ma'aikaci, da abokin aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya tara sai ya yi wa sauran rajista daban da ƙarin kuɗi. Gara a san wannan tun ana zaune lafiya, da a ji shi ranar da amarya take naƙuda.

Wa ke biyan me

Kuɗin rigakafi daga wuri uku yake fitowa, kuma rikicewar da ake samu a asibiti daga cakuɗa su take tasowa.

Akwai abin da gwamnati da masu tallafa mata suka riga suka biya wa kowa, da kati ko babu kati. Allurar yara da ke cikin jadawalin ƙasa tana ciki: gwamnatin tarayya ke sayenta tare da tallafin ƙawancen Gavi, hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, ta rarraba. Haka gidan sauron da ake rabawa, da maganin damina na yara. Haka gwajin tarin fuka da maganinsa a cibiyoyin da aka ware, don haka duk wanda ya yi mako biyu yana tari ya je a duba majinarsa. Haka gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da maganinta a asibitocin gwamnati. Idan wani ya ce ki kawo kuɗin allurar ƙyanda a cibiyar gwamnati, ki tambaye shi cikin ladabi kuɗin mene ne, ki kuma nemi rasit.

Sai abin da asusun inshora ke ɗauka. A jerin amfanin tsarin ƙasa akwai ganin likita, da gwajin da likita ya rubuta, da awon ciki da haihuwa da kulawar bayan haihuwa, da wayar da kai kan lafiya da tazarar haihuwa, da duba ido, da wani ɓangare na kula da haƙori. Awon jini da na suga a asibitinka na farko suna cikin aikin da aka riga aka biya. A kan magani, mai katin tsarin ma'aikata yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin, asusu ya biya sauran. Maganin naira 5,000 ke nan, naira 500 ce taka.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wata ƙofa da aka buɗe domin marasa ƙarfi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kodayake sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. Wani kaso yana tafiya kai tsaye ga cibiyoyin lafiya na mazaɓu domin magani da kayan aiki da gyara, wani kaso kuma ana biya wa talakawa inshora da shi ta hannun hukumomin jihohi. Waɗanda doka ta sa a gaba su ne yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu ciki, da tsofaffi, da masu naƙasa, da matalauta. Wanda aka yi wa rajista a wannan shiri ba ya zubi, kuma yana samun awon ciki, da haihuwa, da jinyar ƙananan yara, da maganin zazzaɓi, da awon hawan jini da suga. Gurabe ba su kai yawan mabuƙata ba, shi ya sa ya kamata a riƙa tambaya a cibiyar mazaɓa da wurin mai unguwa yaushe ake rajista, a kuma tanadi lambar shaidar ɗan ƙasa, domin ana neman ta.

Na uku shi ne aljihunka. Kuɗin mota zuwa asibiti, da yinin da aka rasa a kasuwa, babu katin da ke biyansu. Gwajin da mutum ya nema don kansa ba likita ne ya rubuta ba, galibi shi ke biya. Gwajin jini kafin aure misali ne. A 2024 Jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na rukunin jinin da ke nuna amosanin jini. Kuɗi ne da ya cancanci a kashe, domin idan mai rukunin AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai amosanin jini ko sikila. A lura, kowane ciki ne da nasa lissafin. Ba wai in an haifi mai sikila ɗaya ukun da ke biye sun tsira ba.

An riga an biya asibitinka

Ga abin da masu kati da yawa ba su sani ba. Ranar rajista ana ce maka ka zaɓi asibiti ɗaya, shi ne asibitinka na farko. Daga ranar da sunanka ya shiga jerinsu, kowane wata ana tura wa wannan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kanka, ko ka je ko ba ka je ba. A tsarin ƙasa an yi shekaru ana biyan naira 750 kan kowane mutum a wata, kafin a ƙara a 2024. Mu yi lissafi da tsohon kuɗin: asibitin da ke da mutum 2,000 a jerinsa yana karɓar naira 1,500,000 duk wata. Da wannan kuɗi ake sa ran zai duba duk wanda ya zo cikinsu, ya auna shi, ya ba shi magungunan matakin farko.

To ka ga idan ka shiga ka ce a auna maka jini, ba alfarma ka je nema ba. Aikin da aka biya tun farkon wata ka je karɓa. Wanda ya yi shekara uku da kati bai taɓa leƙawa ba, an biya kuɗi sau 36 da sunansa, shi kuwa ko lambar jininsa bai sani ba.

An tsara biyan haka ne da niyya mai kyau. Asibitin da ake biyansa kan kowane kai, ribarsa tana cikin lafiyar mutanensa: in ya kama hawan jini da wuri, ya rage wa kansa ɗawainiyar gobe. Amma tsarin yana da baya. Idan kuɗin ya yi kaɗan, ga tsadar magani tana hauhawa, ko kuma aka yi jinkirin turo shi, sai asibiti ya fara ganin mai kati a matsayin asara. Daga nan ake samun ƙorafin da kowa ya sha ji: mai kati ya daɗe a layi, a ce masa "babu maganin, je ka saya a waje." Gaskiya ne wannan yana faruwa, kuma bai dace a ɓoye shi a littafin karatu ba. Amma maganinsa ba jefar da kati ba ne. Mai kati yana da damar kai ƙara ga kamfanin HMO da ke tsakaninsa da asibiti, ko ofishin NHIA na jiharsa, ko hukumar taimakekeniya ta jiha. Yana kuma da damar sauya asibiti bisa ƙa'idar tsarin. Ƙorafin da aka rubuta, da kwanan wata da sunan maganin da aka hana, ya fi wanda aka yi a majalisar mai shayi tasiri.

Idan abin da aka gano ya fi ƙarfin asibitin farko, kamar a ce an ji ƙullutu a mama ko an ga alamar sankara a bakin mahaifa, za a tura mutum babban asibiti. A wannan mataki ba kuɗin wata ake amfani da shi ba, kowane aiki ana biyansa daban, shi ya sa ake buƙatar takardar turawa da lambar izini kafin a fara. Wanda ya tsallake asibitinsa ya tafi kai tsaye wurin ƙwararren likita, in ba lalurar gaggawa ba ce, yana iya biya daga aljihunsa. Akwai kuma manyan gwaje-gwaje masu tsada da ake raba kuɗinsu tsakanin asusu da majiyyaci, da ayyukan da ba sa cikin tsari sam, kamar tiyatar kwalliya. Sabon shiga kuma yakan jira wani ɗan lokaci kafin katinsa ya fara aiki, wanda ya sa rajista a ranar ciwo ba ta da amfani.

Batun binciken jiki gaba ɗaya na shekara-shekara, tsare-tsare sun bambanta. Wani ya sa shi a ciki, wani ya taƙaita shi ga 'yan gwaje-gwaje, kamfanoni masu zaman kansu kuma sukan danganta shi da girman kuɗin da aka biya. Kowane tsari yana da rubutaccen jerin abin da yake ɗauka. Ka nemi a ba ka, in karatun bai yi ƙarfi ba tukuna ka kawo shi aji mu karanta tare.

Wasu ƙasashe sun bi wasu hanyoyin. A Amurka dokar lafiya ta 2010, ta zamanin Shugaba Barack Obama, ta tilasta wa yawancin kamfanonin inshora su biya jerin ayyukan rigakafi ba tare da karɓar ko sisi daga mai kati ba, domin an lura ɗan kuɗi kaɗan ma yana hana mai jin kansa lafiya zuwa gwaji. A Nijar gwamnati ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar tun 2006, tare da awon ciki da tiyatar haihuwa, sai dai jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗinsu ya sha jawo ƙarancin magani. Gana ta kafa inshorar lafiyarta ta ƙasa a 2003, ta ƙara da kula da masu ciki kyauta a 2008, kuma can ma sai an riƙa sabunta kati kafin ya ci gaba da aiki.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa mutum zai iya samun hawan jini bai sani ba? Wace lamba ce ke nuna akwai shi?

2. Likita ya rubuta wa mai katin tsarin ma'aikata maganin naira 8,000. Nawa zai biya, nawa asusu zai biya?

3. Wata mata ta haihu a gida da asuba. Waɗanne allurai ne jaririn ke buƙata a ranar, kuma wa zai iya kai shi?

4. Ku kasu biyu ku tattauna wannan magana: "Na shekara ina zubi ban yi ciwo ba, kuɗina ya tafi a banza." Ɓangare ɗaya ya kare ta, ɗayan ya amsa da abin da ke cikin darasin.

Aikin gida: kafin zama na gaba, kowa ya je cibiyar lafiya mafi kusa da shi a auna masa jini, ya rubuto lambobin biyu da kwanan wata a littafinsa. Ya kuma tambayi ma'aikacin da ya samu ko cibiyar tana cikin shirin BHCPF, da ranar da ake allurar yara, da ranar awon ciki. Mai yara 'yan ƙasa da shekara biyu ya zo da katin rigakafinsu, za mu duba shi layi-layi mu ga ko akwai allurar da aka tsallake.